Idan kan yaronku na ja: yadda ake gwada basirar yara da shiga Mawhiba a Saudiyya

Iyaye 'yan uwana na Makka da Jidda da Madina, maganar nan ta daɗe tana cina, sau nawa zaka ji uwa tana cewa wallahi yaron nan kansa na ja, abla, wato malamarsa, ma ta faɗa, sai kuma zancen ya tsaya nan, a tofa masa addu'ar tsari daga baki shikenan. Addu'a kam dole ce, amma ƙasar nan tana da hanya a shimfiɗe ta gano irin waɗannan yaran, kuma mu Hausawa ba mu cika binta ba, muna jira sai ustaz ya kira mu. Kada ku jira. Ustaz ɗin da aji ya cika masa, yaron da yake yawan ɗaga hannu shi zai gani, naku mai kunya da yake zaune can baya yana gama lissafi kafin kowa sai a shekara ba a san da shi ba.

Gwajin iri biyu ne kuma mutane na haɗa su. Akwai na Mawhiba wanda shine ƙofar shiga shirye-shiryen masu baiwa, akwai kuma gwajin IQ, wato na auna kaifin ƙwaƙwalwa, da masanin halayya yake yi wa yaro shi kaɗai a mustashfa ko wata cibiya.

Mawhiba ita ce mu'assasar Sarki Abdul'aziz ta kula da masu baiwa da ƙirƙira, an kafa ta a 1999, daga 2011 kuma ta haɗa hannu da ma'aikatar ilimi da Qiyas, wato masu shirya jarabawar ƙudurat ɗin nan ta neman shiga jami'a da 'yan sanawi, wato babbar sakandare, suke yi, suka fara shirin gano masu baiwa na ƙasa baki ɗaya. Ana ɗaukar yara daga aji 3 na ibtida'i, wato firamare, har zuwa aji 1 na sanawi, kuma mataki uku ne, na farko aji 3 zuwa 5, na biyu daga aji 6 zuwa aji 2 na mutawassiɗ, wato ƙaramar sakandare, na uku aji 3 na mutawassiɗ da aji 1 na sanawi. Rajista a shafinsu na intanet ake yi, uba ko uwa zasu iya buɗe wa yaro asusu da kansu ko a jawwal, yawanci a watannin farko na shekarar karatu ake buɗewa, akwai kuɗin da ake biya, sannan a zaɓi wuri da ranar jarabawa. Kafin ku biya ko riyal ɗaya ku zauna ku karanta sharuɗɗan shekarar a tsanake, musamman abin da suka ce kan jinsiyya, wato zama ɗan ƙasa, don cikinmu akwai 'yan ƙasa, akwai masu iƙama, wato katin izinin zama, akwai wanda uwarsa ce 'yar ƙasa, kuma kowane shiri da nasa sharaɗin. Mai iƙama ya tabbatar ta yaron bata ƙare ba, sunansa kuma ya zo daidai da yadda yake a tsarin Noor, wato shafin ma'aikatar ilimi na bayanan ɗalibai. Idan abu ya shige muku duhu ku je madarasa ku tambayi mudir waye malamin da ke kula da mauhubin, wato masu baiwa, da ƙafa zaku je, saƙo a WhatsApp sai ya kwana ba a duba ba.

Ita jarabawar ba hadda bace, ba a tambayar abin da aka karanta a littafin aji. Fanni huɗu take dubawa, yadda ƙwaƙwalwa ke juya abu ta fuskoki daban, sai fahimtar harshe da abin da aka karanta, sai lissafi da hango siffofi, sai tunanin kimiyya da yadda injuna ke aiki. Tambayoyin na zaɓi ne. Misali a zana ƙafafun inji guda uku masu haƙora a jere suna cizon juna, a ce na farko yana juyawa dama, ina na uku zai juya. Yaron da ya saba kwance keke a lungu zai ga amsar kafin ya gama karanta tambayar, na tsakiya hagu, na uku dama.

Toh ga inda nafi so ku tsaya. Yaranmu da yawa harshe uku suke ɗauke da shi, Hausa a gida wajen kaka, Larabcin Hijaz a titi da wajen wasa, sai fusha, wato Larabcin rubutu, a littafi. Wannan ba nakasu bane ko kaɗan, yarinyar da zata tsaya gaban likita tana juya wa kakarta magana daga Larabci zuwa Hausa, ta dawo da amsar tsohuwa ta gyara ta yadda likita zai gane, tana ma rage abin da bai kamata a faɗa ba, wannan yarinyar aikin ƙwaƙwalwa take yi babba. Amma takardar jarabawa bata san wannan ba, fusha zata gani, kuma idan kalma ɗaya ta kuɓuce mata a tambayar lissafi sai ta faɗi tambayar alhali lissafin bai gagare ta ba. Shi yasa shirin da nafi yarda da shi shine karatu, a samo littattafan labarai na fusha daidai shekarunsu, minti ashirin kullum bayan magariba ko kafin barci, yaro ya karanta da ƙarfi sannan ya ba ku labarin da Hausa, in ya iya juya shi da bakinsa toh ya fahimta. Kuma dan Allah kar wani yace muku ku daina yi masa Hausa don Larabcinsa ya yi ƙarfi, yaro yana ɗaukar duka biyun, abin da yake nema shine ya saba da kalmomin littafi. Wanda yake makarantar Turanci kuma ku lura da harshen da kuke zaɓa masa wajen rajista, ku zaɓi wanda yake karatu da shi kullum.

Masu tallan daura, wato kwas ɗin share fage na kuɗi, da alkawarin yaro zai ci, ni dai bana ba da shawarar a zuba musu kuɗi. Ku nemi misalan tambayoyin da Mawhiba ta fitar da kanta, ya gwada su don ya san kamannin abin da yadda ake kula da lokaci, ku koya masa in tambaya ta tsaya masa ya wuce. Ranar jarabawa ya yi barci da wuri, ya karya, a ɗauki katinsa na asali. Kar a ce masa yau za a gane ko kana da ƙwaƙwalwa, ku ce wasannin tunani ne zaka je ka yi iya yinka.

Sai gwajin IQ. Wannan ba kowane yaro ke buƙata ba, yana da amfani idan abin ya ɗaure muku kai, misali yaro in yana magana sai kace babba amma rubutu ya gagare shi, ko ya gundura a aji ya koma fitina, ko makaranta ta nemi rahoto. Wanda aka fi yi shine WISC, na 'yan shekara 6 zuwa 16, sai Stanford-Binet, duka akwai su da Larabci. Yaro zai zauna da mai gwajin su biyu wajen awa ɗaya ko fiye, za a zube masa 'yan tubala masu ja da fari a nuna masa hoto a ce ya haɗa irinsa ana duba agogo, a karanto masa lambobi ya maimaita su daga ƙarshe zuwa farko, a tambaye shi ma'anar kalmomi. Tun wajen ɗaukar mau'idi ku tambaya ko mai gwajin yana da lasisi, kuma ku faɗa masa ƙarara cewa Hausa ake yi a gida, ku nemi ya rubuta hakan a rahoto. In Larabcin yaron bai zauna ba, kamar waɗanda suka zo daga Najeriya ko Nijar ko Sudan kwanan nan, ku roƙi a haɗa da gwajin da ba ya dogara da magana, irin na Raven, wanda zane ne kawai ake cike gurbin da ya ɓace. Kafin duk wannan a duba ido da kunne, yaro da yawa tabarau kawai yake nema. Na intanet ɗin nan masu ba da lamba cikin minti goma kuwa ba gwaji bane, kar ku ɗora komai a kansu.

In sakamako ya fito, 100 shine tsakiya, kusan kashi biyu cikin uku na yara suna tsakanin 85 da 115, daga 130 zuwa sama kuma wajen yara 2 ne cikin 100. Lambar bata tsaya cak ba, tana iya hawa ko sauka da 'yan maki in an sake, shi yasa rahoto mai kyau yake ba da tazara. Ku sa mai gwajin ya bi muku fanni fanni, don WISC na yanzu fanni biyar yake fitarwa, kuma yaro zai iya yin sama sosai a tunani ya yi ƙasa a sauri, jimillar sai ta ɓoye duka biyun, wani lokacin ma a nan ake gano matsalar karatu ko ta rashin natsuwa a yaron da kuma yake da baiwa. Ba a maimaita gwaji ɗaya kusa kusa, ana barin kamar shekara. Rahoton kuma ku adana shi, ba na turawa guruf ɗin dangi bane, yaro ma ba sai ya san lambar ba, balle a riƙa auna ƙannensa da ita.

Wanda ya samu shiga Mawhiba, akwai shirye-shiryen hutun bazara, akwai azuzuwan Mawhiba a wasu makarantu, akwai gasar Ibda' ta binciken kimiyya wadda daga ita ake fitar da masu zuwa gasar ISEF ta kimiyya ta ɗaliban duniya a Amurka, ma'aikatar ilimi kuma tana da tsarin tsallake aji. Shi tsallake ajin ku yi shawara sosai, ku duba ko yaron zai iya zama da waɗanda suka girme shi, ku tambaye shi ra'ayinsa shi ma. Kuma ku riƙa leƙa asusun da kanku don rajistar shirye-shiryen tana da lokaci, in ya wuce ya wuce.

Wanda bai samu ba, ko sharaɗin jinsiyya ya tare shi, ku tambayi madarasa kan gasar lissafi ta Kangaroo da ta Bebras ta tunani irin na kwamfuta, ku duba sharuɗɗansu su ma, ku ci gaba da karatun fusha ɗin nan, in ya kai mataki na gaba a duba ko zai sake zama.