Kurakuran da aka fi yi da sabon kait mai igiya biyu

Kait mai igiya biyu, wato abin wasan da iska ke ɗagawa, wanda ake tuƙa shi da igiya a sararin sama yana wulƙawa da juyi, ya yi suna ne a hannun Peter Powell, mutumin Ingila da ya fito da nasa a 1972. A 1976 aka zaɓe shi abin wasan shekara a Birtaniya. Na farko-farko da leda aka yi jikinsu, sandunansu kuma na katako, kafin a koma alminiyam, daga baya faibagilas. Na yanzu yadi ne mai saƙar da ke hana yagewa ta yi nisa, sanduna na kabon ko faibagilas, hanci kuma an ninka masa kauri. Ya fi juriya nesa ba kusa ba. Sai dai a ganina yawancin ɓarnar da ake yi masa a yau daga nan take tasowa: mutum ya ji an ce an ƙara ƙarfi, sai ya saki jiki.

Tun wurin haɗawa ake fara kuskure. Sandunan ƙasa guda biyu suna haɗuwa ne a wata mahaɗa da ke kan ƙashin baya, wato sandar tsakiya da ta taso daga hancin kait zuwa ƙasansa, kuma dole kowace ta shige har ƙarshe. Idan ta shiga rabi, duk nauyin iska zai taru a bakinta. Faibagilas yana lanƙwasa ya dawo, amma kabon ba ya gargaɗi, tsagewa yake yi kawai, kuma sartsensa idan ya shiga yatsa sai ka gwammace ƙaya. Tura sandar har ka ji ta tsaya, ka kuma sake dubawa bayan kowace faɗuwa, domin bugun ƙasa yana zare ta kaɗan-kaɗan. Ka lura kada igiyar linzami, wato gajerun igiyoyin da ke jikin kait waɗanda ake ɗaura dogayen igiyoyin tuƙi a kansu, ta naɗe a bayan sanda.

Sai maganar igiya, inda aka fi tafka asara. Igiyoyin zamani irin su Dyneema da Spectra sirara ne, ba sa miƙewa sosai, kuma suna da santsi, shi ya sa ko sun murɗe sau da yawa kait ɗin yana jin umarni. Rauninsu zafi ne: suna narkewa a kusan digiri 145 na ma'aunin salsiyos. Idan igiyarka ta gogi ta nailan ta wani mai kait a kusa, taka ce za ta tsinke nan take. Haka kuma ƙulli a jikinta tsirara yana rage mata ƙarfi ƙwarai, shi ne dalilin da ya sa ake sanya mata ɗan riga a baki kafin a ƙulla. Idan ta tsinke a tsakiya kada ka ɗaure. Yanke ɗayar su daidaita, ka sake musu baki.

Daidaiton nan ba abin wasa ba ne. Wani zai yi ta zargin kait cewa yana karkata dama, alhali igiyar dama ce ta gaza ta hagu da 'yan santimita. Kafa turke, ka maƙala bakin igiyoyin biyu, ka ja su tare ka gani. Sabuwar igiya tana ɗan miƙewa a tashin farko, don haka a sake aunawa. Wajen naɗewa kuma a yi ta kamar lamba 8 a kan maɗaurinta.

Linzami fa, a bar shi inda masana'anta ta sa alama sai hannu ya faɗa. Idan za ka taɓa, matsa 'yan milimita kawai, kuma daidai a ɓangarorin biyu.

Wurin tashi ma yana ruɗar mutane. Bayan gini ko bishiyoyi iska a hargitse take, kait ya tashi ya faɗo, ya tashi ya faɗo. Nemi fili buɗaɗɗe, iska na bugun bayanka; mai koyo kilomita 12 zuwa 25 a awa ya ishe shi. Kabon yana ɗaukar wutar lantarki, saboda haka a nisanci wayoyin wuta, hadari kuma da ya haɗo a sauke.

Ga wanda kusan kowa ya taɓa yi. Kait ya juyo da hanci ƙasa, gaba ya faɗi, sai mutum ya ɗaga hannuwa sama ya ja da baya da ƙarfi. Jan nan gudu yake ƙara masa, ya caki ƙasa kamar mashi. Hancin da aka ƙarfafa ba zai yage ba, amma bugun zai wuce kai tsaye zuwa ƙashin baya ya karya shi. Maganin shi ne ka miƙa hannuwa gaba, ka taka zuwa wajensa. Igiya ta saki, ya sauka a hankali. Gwiwar hannu kuwa a bar ta kusa da haƙarƙari.

Bayan wasa, kada a tura shi jaka da danshi, kada kuma a bar shi kwance cikin rana, tana cinye yadin. Kakkaɓe yashi daga mahaɗai. Ƙaramar yagewa a manne ta da tef ɗin gyaran yadi ciki da waje, a zagaye kusurwoyin tef ɗin da almakashi don kada iska ta ɓanɓare shi.