Na'urar bin sawu a filin jirgi: inda ake yawan yin tuntuɓe

Wanda ya taɓa leƙa filin jirgin Sir Ahmadu Bello da ke Ambursa lokacin jigilar maniyyata ya san yadda gefen jirgi ke cika: tankar mai, matakala, motocin jan kaya, motar asibiti, kowa na sauri. A 2024 ma daga nan Birnin Kebbi jirgin farko na maniyyatan Najeriya ya tashi. Irin wannan cunkoso ne ke sa a liƙa wa motocin aiki na'urar bin sawu, wadda direbobi ke kira tiraka, don mai kula da zirga-zirga ya ga kowace mota a allon kwamfuta a daidai lokacin da take tafiya. Abin yana da amfani, amma saye daban, iya aiki da shi daban.

Kuskuren farko tun a wurin saye yake. Sai a kwaso irin tirakar da ake sa wa mota don gudun ɓarayi, mai aiki da layin waya, a ce an gama. Irin wannan takan aiko da labarin inda mota take ne bayan daƙiƙa 30, wata ma sai bayan minti guda. Mu yi lissafi. Motar da ke gudun kilomita 30 a awa tana cin fiye da mita 8 a kowace daƙiƙa, wato mita 250 kafin ɗigon da ke allo ya motsa. Faɗin titin da manyan jirage ke sauka a kai kuwa yawanci mita 45 ne zuwa 60. Ke nan mota za ta iya hawa titin, ta tsallake, ta yi nisa, allo na nan yana nuna ta a inda ta baro. In kuma sabis ya ɗauke, shi ke nan, ɗigon ya daskare. Gyaran shi ne duk motar da ke kusantar titin jirgi a sa mata na'urar da ke magana kowace daƙiƙa, irin mai amfani da tsarin ADS-B da jirage kansu ke sanar da inda suke da shi. Sannan a tsara allon yadda ɗigon da ya yi shiru zai canza launi nan take. Ni dai gara allo ya ce mini mota ta ɓace masa, da ya nuna mini ita a inda ba ta nan.

Na biyu, a sa wa manyan motoci masu tsada, a manta da ƙananan. Taraktar yankan ciyawa da damina, a-kori-kurar ɗan kwangila mai gyaran fitilu, motar baƙon da ya zo da rakiya, su ne ba a lissafawa, kuma su ne suka fi ƙarancin sanin filin. A filin jirgin Vnukovo da ke Mosko, a 2014, motar share ƙanƙara ce wani ƙaramin jirgi ya buga yana shirin tashi, mutum 4 da ke cikinsa suka mutu, har da shugaban kamfanin mai na Total. A tanadi tirakar hannu a bakin ƙofa: ka shigo a ba ka, ka fita ka mayar, a rubuta.

Wanda ya fi ba ni tsoro shi ne direba ya ɗauka tunda ana ganinsa, an ba shi izini. A'a. Izinin hawa titin jirgi daga hasumiyar kula da tashi da saukar jirage yake fitowa, ta oba-oba, kuma sai direba ya maimaita abin da aka faɗa masa kafin ya taka totur. A Lima ta ƙasar Peru, a 2022, motar kashe gobara da ta fita atisaye ce ta shiga titi jirgin fasinja na gudun tashi, aka rasa ma'aikatan kashe gobara. Mu nan muna da namu dalilin: daga Disamba zuwa Fabrairu, in hazo ya sauka da ƙarfi, wanda ke hasumiya ba lallai ya hango ƙarshen titi da ido ba. Haka aka yi a filin Linate na birnin Milan a 2001, hazo ya rufe, babu na'urar hango motsin ƙasa mai aiki, jirage biyu suka yi karo, mutum 118 suka hallaka. A irin wannan rana allo ido ne na biyu, ba ya maye gurbin muryar hasumiya.

Sai batun ƙararrawa. Ana zana wa na'urar iyaka a taswira, in mota ta keta ta yi ƙara. Matsalar ita ce tauraron ɗan Adam da tiraka ke dogara da shi kan yi kuskuren 'yan mitoci, musamman kusa da rumfar ƙarfe ko ƙarƙashin fiffiken jirgi. In aka matse iyakar, sai ƙararrawa ta yi ta kuka a banza, kafin mako biyu wani ya rage mata murya. A fita da mota a bi layukan da aka shafa a ƙasa ɗaya bayan ɗaya, a daidaita taswira da su, a bar ƙara mai ƙarfi ga titin jirgi kaɗai. Duk ranar da aka sake fenti ko aka ƙara wurin tsayawa, a sake taswirar.

Wuta da zafi ba sai an daɗe a kansu ba. Zafin Maris da Afrilu a Kebbi kan haura digiri 40, batirin da ya wuni a bayan gilashi ba ya daɗewa. A sa duba tiraka cikin binciken safe tare da birki da taya, allon kuma a haɗa shi da inbata.

Akwai kuma shugabannin da ke mayar da na'urar bulala. Wane ya tsaya shan shayi minti goma, a yanke masa albashi. Ba a jimawa za ka fara jin “Ranka ya daɗe, wayar ce ta tsinke da kanta.” In ana son direbobi su bar ta a jone, a zauna da su ƙarshen mako a duba sawun tare, ba tare da kiran suna ba: ina motoci ke yawan kusantar juna, wace kwana ce kowa ke yankewa. Sau da yawa za a tarar layin da aka shafa a wannan kwanar ne ya goge, sai a aika a sayo fenti.