Yadda Nake Koya wa Zuciyata Tara Dukiya a Sama

Na daɗe ina farkawa da waya a hannu, ina duba abin da ya rage a asusuna tun ban ce wa Allah uffan ba. In kai ma haka kake, ɗan'uwa, ga abin da ya taimake ni.

Ajiye wayar nesa da gado. Da safe ka buɗe Matiyu 6:19-21 a Littafi Mai Tsarki, ka karanta da murya. Yesu ya ambaci asu da tsatsa da ɓarayi masu cinye dukiyar duniya, ya ce a tara ta a sama, domin inda dukiyarka take, can zuciyarka za ta kasance. Nakan tambayi kaina, jiya ina zuciyata ta kwana?

Sai bayarwa, kuma nan ne aikin yake. Ranar da kuɗi ya shigo, ware rabon mabukata kafin ka taɓa sauran, domin in ragowa kake jira, ba za ka gan ta ba. Ka bayar a ɓoye. Wani lokaci kuma ka ba da abin da kake ƙauna. Na taɓa ba wani rigar da na fi so, hannuna ya yi nauyi, na yi kwana uku ina tuna ta. Ashe ita ce ta riƙe ni.

Kafin ka sayi babban abu, dakata mako guda ka yi addu'a. Karanta Luka 12:16-21, labarin mai arzikin da ya shirya rushe rumbunansa ya gina manya, a daren nan aka nemi ransa. Sau da yawa kafin makon ya cika, sha'awar abin ta kan sake ni.