Kurakuran da aka fi yi wajen zaɓen motar gasar doguwar tafiya

Tun da wasu 'yan Ghana suka tuƙa mota daga Accra har Landan a 2023, tafiyar kusan kilomita 10,000 da ta ratsa Kwaddebuwa, Mali, Senegal, Muritaniya da Maroko, zancen gasar doguwar tafiya ya shiga bakin samarin Zango. A majalisun unguwannin Aboabo da Asawase na Kumasi wasu na shirin Kumasi zuwa Paga, kan iyakar Burkina Faso, su dawo, masu dogon buri kuma Dakar suke hange. Tambayar kowa ɗaya ce: wace mota? Abin haushin shi ne, yawanci hoton da aka gani a waya ne ke ba da amsa.

Kuskuren farko ke nan, zaɓen mota da ido da kuma ƙarar inji. Sai ka ji ana musu a kan wadda ta fi gudu, alhali a kan babbar hanyar Ghana doka ba ta yarda ka wuce kilomita 90 a awa ba, cikin gari kuwa 50, ga tudun rage gudu a kusan kowane ƙauye daga Offinso har Kintampo. Irin wannan gasa juriya take auna wa. Peugeot 504, wadda iyayenmu suka yi haya da ita, ta ci gasar Safari ta Gabashin Afirka a 1975. A gasar Bandama ta Kwaddebuwa a 1972 kuwa ko mota ɗaya ba ta kai ƙarshe ba, duk da ƙwararrun direbobin da suka shiga. Saboda haka kafin ka taya mota, zauna da taswirar hanyar ka nemo yankin da ya fi muni, yashi ne ko taɓo ko gargada, ka zaɓi motar da za ta wuce wurin lami lafiya. Kwalta mai kyau kowace mota tana iya mata.

Babban kuskure, wanda ya fi kwantar da mutane a hanya, shi ne rashin tambayar wa zai gyara motar idan ta tsaya. Mu mutanen Kumasi, Magazin, wato matattarar makanikai da masu sayar da kayan mota ta Suame, ta ɓata mu. Duk abin da ya lalace, ka shiga Suame da safe, kafin la'asar an samo maka shi, in babu a ƙera maka. Na Accra ma suna da Abossey Okai. Amma motarka ba a Suame za ta mutu ba. A tsakanin Buipe da Yapei za ta mutu, ko a wani ƙauyen Senegal inda makaniki ɗaya ne, kayan aikinsa sifana da guduma. Wani masta a Magazin, da wani saurayi ya kawo masa wata dankareriyar mota 'yar Amurka ya duba, bai ko buɗe bonet ba ya ce: "Ɗana, in famfon mai ya mutu a Bolga, wa zai ba ka?" Saurayin ya ce ai za a aiko daga waje. Masta ya ce: "To sai ka kama ɗaki a can, ka yi aure kafin ya iso."

Gyaran abin mai sauƙi ne. Rubuta kayan da suka fi mutuwa a doguwar tafiya: fanbel, famfon ruwa, famfon mai, shokozoba, beyarin taya, faifan kuloci, takalman birki. Ka kira masu sayar da kayan mota a Techiman ko Tamale ka tambaye su, ba a Kumasi ba. In mutum uku suka ce sai an yi oda, motar ba ta wannan tafiya ba ce. Dalilin da ya sa Hilux, Land Cruiser, Patrol da Pajero suka cika hanyoyin Sahel ke nan, ba don sun fi kowa kyau ba. In hanyar gasar kwalta ce zalla, Corolla mai lafiya ta fi jibgegiyar mota mai ciwo, kuma ba ta shan mai kamarta.

A kula da motocin dizal na zamani da aka yi wa Turai, masu matatar hayaƙi da tankin AdBlue, ruwan rage gubar hayaƙi. Mai tsabta ƙwarai suke so. Ghana ta rage sinadarin salfa a man dizal ɗinta tun 2017, amma ba ko'ina a hanya za ka sami irinsa ba, balle wanda ake sayarwa a kwalba a bakin titi. Matatar na toshewa, kwamfutar motar ta rage wa injin ƙarfi, sai ka ga mota mai tsadar gida tana rarrafe, kuma babu mai lallashinta sai mai na'urar bincike. Haka ma masu balan-balan ɗin iska a madadin sifirin: guda na fashewa mota ta durƙusa.

Sai batun hom-yus, wato motocin da aka yi amfani da su a ƙasashen waje. Da yawa daga cikin motocin da ke sauka a tashar Tema daga gwanjon Amurka suke, wasu sun yi haɗari, wasu ambaliya ta shanye su, an daddaɓe an fesa fenti suna ƙyalli. A cikin gari za su yi shekaru ba ka ji komai ba. Kwana biyu a gargada sai walda ta buɗe. Kada ka tsaya a bodi. A ɗora ta a kan rami ka shiga ƙasa da tocila, ka bi shasi da hannu kana neman tabon walda ko inda ƙarfe ya yamutse. Ɗaga kafet ɗin ƙasan kujerar direba ka shinshina, ka duba kusoshin kujera: tsatsa da busasshen laka a wurin na nufin ruwa ya taɓa kwana a ciki, kuma wayoyin wuta za su rama a kanka. Lambar shasi mai haruffa da lambobi 17 ana iya binciken tarihinta a intanet, musamman motocin Amurka. Wadda aka juya wa sitiyari daga dama zuwa hagu kuwa, ni dai ba na ba da shawararta ko da kyauta ce.

Taya ma ana raina ta. Babban rim da siririyar taya kwalliyar ɗaurin aure ce. Rami ɗaya a hanyar Wa ya isa ya lanƙwasa rim. Nemi taya mai kauri, mai girman da ake samu ko'ina, da safaya biyu. A gefen kowace taya akwai lambobi huɗu: 2319 na nufin mako na 23 a shekarar 2019. Wadda ta haura shekara shida, ko haƙoranta na nan garau, zafin kwaltar arewa zai iya fasa ta. Tsayin cikin mota daga ƙasa kuma kada ya gaza santimita 20 in za a sauka daga kwalta.

Akwai wata al'ada ta garejinmu da ya kamata a bari: cire tamostat da sunan wai na ƙasar sanyi ne, sannan a cika lagireto da ruwan leda. Injin ba ya kai zafin da aka tsara masa, ya ƙara shan mai, ruwan kuma ya ci lagireto ta ciki. A mayar da tamostat, a wanke lagireto, a zuba ruwan sanyaya inji na gaskiya. In lokacin hunturu ne, a riƙe matatar iska ta biyu saboda ƙura.

Lodi shi ne kuskuren ranar tafiya. Mutum huɗu, jarkokin mai, ruwa, tayoyi, kayan aiki, buhun shinkafa, duk a jibga, rabi a saman rufi. A jikin ginshiƙin ƙofar direba akwai takardar da ta faɗi iyakar nauyin da motar za ta ɗauka, har da mutanen ciki. Lita 20 ta ruwa kilo 20 ce. Masu nauyi su zauna ƙasa tsakanin tayoyin gaba da na baya, rufi na katifa da tanti ne, in ba haka ba kwana ɗaya mai kaifi sai ta kifar da ku.

Takardu ma wani ɓangare ne na motar. Sunanka ya kasance a kansu, lambar shasi da ta inji su yi daidai da abin da DVLA, hukumar rajistar motoci ta Ghana, ta rubuta, domin jami'in kwastan a Elubo ko Paga zai duba. Katin inshorar ECOWAS ba ya aiki a Maroko, can sai ka yanki nasu. Kuma karanta dokar gasar kafin ka biya kuɗin mota: Mongol Rally, alal misali, ƙananan motoci masu ƙaramin inji take so.

Na ƙarshe, gyaran daren tafiya. Sabon abu da aka ɗaura jiya shi ne ya fi saurin kwancewa. A gama aiki da saura wata guda, a loda motar kamar ranar gasa, a kai ta Tamale ta Techiman da Kintampo, a ɗan ratsa hanyar burji, a auna lita nawa take sha a kilomita 100. Da an dawo a mayar da ita kan rami, a bi kusoshi ɗaya bayan ɗaya, a duba inda mai ko ruwa ya fara tsattsafowa.