Yaro ya cika shekara bai taka ba?

Iyaye mata, kada hankalinku ya tashi. Yawancin yara kan fara tafiya tsakanin wata 9 da wata 18. Ku duba dai: yana dafa kujera ya miƙe? Yana tsinke ƙaramin abu da yatsu biyu? Yana waiwayowa in an kira sunansa?

Ku bar shi a ƙasa ba takalmi, ya yi ta rarrafe da bin bango. Keken koyon tafiya mai tayoyi kuwa, gaskiya ba na sonsa. Ba ya sa yaro saurin takawa, kuma yara kan faɗo da shi daga matakala.

In ya daina abin da ya riga ya iya, ko ya kai wata 18 bai taka ba, a kai shi wurin likita.