Darasi na Bakwai: Kafa Lasifika a Wurin Taro

Kafin ku taɓa waya ko ɗaya, ku leƙa bayan lasifikar. In kun ga makunni da wurin sa wayar wuta, to tana da amfilifaya, wato na'urar ƙara wa sauti ƙarfi, a cikinta, daga miksa, na'urar haɗa sautuka, kai tsaye za ku ba ta sauti. In babu, sai an nemo mata amfilifaya daban, kuma a nan lissafi yake shigowa. A jikin lasifikar akwai lambar da ke nuna yadda take tare wuta, galibi om 8. Biyu masu om 8 in aka jona su gefe da gefe a mafita ɗaya ta amfilifaya, sun koma om 4. Huɗu kuwa om 2. Amfilifayar da ƙarfinta ya tsaya a om 4, aka ɗora mata huɗu, zafi za ta ɗauka ta mutu ana tsakiyar taro, in ma ba ta ƙone ba.

Sai wurin ajiyewa, kuma a ganina nan ne rabin aikin. Jikin mutane yana shanye siririn sauti, wanda shi ke fito da harufan magana. Lasifikar da aka ajiye a ƙasa, mutanen sahun gaba take kurmantawa, na baya kuma gunaguni kawai suke ji. Ku ɗaga ta a kan ƙafarta har ƙahon da ke samanta ya wuce kan mutum a tsaye, ku ɗan sunkuyar da ita wajen jama'a. Ku buɗe ƙafafun nan uku sosai, ku sa fil ɗin da ke kulle sandar. Babbar lasifika mai gurnani, wato mai fitar da sauti mai kauri, ita ce ke zama a ƙasa.

Kowa ya san ihun nan mai huda kunne. Makirufo ce ta ji abin da lasifika ta faɗa, ta mayar mata, ita ma ta sake faɗa, suka yi ta zagaye. Maganinsa ba wuya: lasifika a gaba, makirufo a bayanta. In ihun ya taso, kada ku rufe kan makirufo da tafin hannu, ƙara shi yake yi. Ku ja sautin layin makirufon ƙasa a kan miksa, ku roƙi mai magana ya matso da ita kusa da baki.

A fili, duk lokacin da nisa ya ninka, sauti yakan ragu da kusan desibel 6, desibel kuwa shi ne ma'aunin ƙarfin sauti. Shi ya sa a wuri mai tsawo ake kafa wasu lasifikun a tsakiya. Amma sauti yana tafiyar kusan mita 343 ne a daƙiƙa, wuta a waya kuwa nan take. In ba a jinkirta na tsakiyar ba, mai sauraro zai ji kalma sau biyu. Ana ba kowace mita jinkirin ɗan ƙasa da milisakan 3 (milisakan dubu ne daƙiƙa ɗaya), wato mita 30 za ta ci kusan 87.

Wajen kunnawa, miksa farko, amfilifaya ƙarshe. Wajen kashewa, amfilifaya farko. Wanda ya juya wannan tsari zai ji "ɗum!" daga lasifika, kuma ba kowace ke jure shi ba. Ana cikin aiki, idonku na kan fitilun miksa da amfilifaya. Kore lafiya lau. Ja in ta ɗan ƙifta ta wuce, gargaɗi ne. In ta zauna daram, sautin ya fara yagewa, kuma ƙaramar lasifikar cikin ƙahon ce za ta fara ƙonewa.

Akwai abin da ya fi damuna. Lasifika in ta ƙone ana canja ta, amma jin da ƙara ta ɓata ba ya dawowa. A 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada matsakaicin sautin wurin taro ya wuce desibel 100 cikin minti 15. Ku da kuke wuni a gindin kayan nan, ku riƙa sa abin toshe kunne.

Aikin gwaji: mutum ɗaya ya riƙe makirufo yana karanta wannan shafi. Sauran ku bi wurin a ƙafa, gaba da tsakiya da can ƙarshe, kowa ya rubuta inda kalmomi suka fara ɓace masa.