Kurakuran da ake yi kan Beatrice, jagorar Dante a sama

Masu karatun adabin Turai sun san Dante, mutumin Florence na Italiya da ya rasu a 1321, da doguwar waƙarsa Divina Commedia mai babi 100. To in aka zo kashi na uku, Paradiso, wato tafiyarsa a Aljanna, nan ne ɗalibai ke zubewa.

Sai ka ji wani ya ce Virgil, mawaƙin tsohuwar Roma da ya fara yi masa jagora a waƙar, shi ne ya raka shi har ƙarshe. Ina! Virgil ya ɓace tun a babi na 30 na Purgatorio, kashi na biyu da ke kan dutsen tsarkake rayuka, Dante ya waiwayo zai yi masa magana ya ga wayam, sai kuka. Shi Virgil ya mutu kafin zuwan Annabi Isa, a aƙidar Kiristancin Dante ba shi da hurumin shiga Aljanna, mazauninsa Limbo, gefen Jahannama na mutanen kirki da ba a yi musu baftisma ba. In kana rubuta amsa ka ajiye shi a saman dutsen, daga nan ragama ta koma hannun Beatrice.

Wanda ya fi ba ni haushi shi ne masu mai da ita budurwa kawai, wai labarin soyayya ne. E, mace ce ta gaske da ta rasu a 1290 kuma ya so ta, amma a Paradiso malama ce mai zafi, tun haɗuwarsu ma faɗa ta fara yi masa ta kira sunansa gatsal. A babi na 2 ya ce duhun da ke jikin wata daga kauri da rashin kaurin jikinsa ne, ta ce sam ba haka ba, je ka samo madubi uku, biyu kusa ɗaya nesa, ka kunna fitila a bayanka ka duba, na nesan zai fi ƙanƙanta amma haskensa bai ragu ba. Haka take yi masa kusan ko'ina, ta karanto tambayar da ke ransa tun bai buɗe baki ba ta warware. Ka riƙa lura da fuskarta in kana karatu, don sau da yawa da ƙarin kyawunta yake gane sun hau wata sama. A ta bakwai kuwa, babi na 21, ƙin murmushi ta yi, ta ce in ta yi zai ƙone ya zama toka.

Akwai kuma masu ɗauka rayukan da ya tarar a wata da rana can gidajensu yake. Ita da kanta ta gyara wannan a babi na 4, dukansu suna sama mafi ɗaukaka, an dai nuna masa su hawa-hawa ne don ƙwaƙwalwarsa ta iya ɗauka.

Sannan ba ita ta kai shi ƙarshe ba fa. A babi na 31 ya juyo zai tambaye ta sai ya ga dattijo, Bernard na Clairvaux, waliyyin Kirista, ita ta koma kujerarta. Bernard ne ya roƙi Maryamu a babi na 33.

Mu kuma namu kuskuren daban ne, da mun ji sama-sama da jagora sai mu ce ai Mi'iraji ya kwafa, Beatrice ce Jibrilu. Wani masani, Miguel Asín Palacios na Sifaniya, ya kawo hujjojin tasirin Musulunci a 1919, kuma an fassara wani littafin Mi'iraji zuwa Latin a fadar Sarki Alfonso na goma na Castile a Sifaniya tun ƙarni na 13, amma har gobe masana na jayayya kan ko Dante ya karanta shi. Ka rubuta shi a matsayin ra'ayi, kar ka yanke. Kuma Jibrilu mala'ika ne, ita ko 'yar Adam ce da aka binne a Florence.